Ɗana a Ƙirjin Yayata

Ni da yayata an yi mana aikin haihuwa a mako guda, a asibiti guda a Tawa, kuma mutum guda ne ya yi mana allura. Ita ta tashi ta kama harkokinta kamar wadda aka cire wa ƙaya a ƙafa. Ni kuwa na ga abin da na gani. Yaron da na haifa yana makaranta yanzu, amma in na tuna lokacin sai abin ya dawo mini sabo, kuma ba na ɓoye sunansa, kishi ne. Ban taɓa kishi da kowa a duniya kamar yadda na yi da wannan baiwar Allah da muka fito ciki ɗaya ba.

Yaya a garinmu Bambeye take aure, wurin wani manomi mai sanyin hali. Ni aure ya kawo ni Tawa, ina da keken ɗinki a ɗaki, maigidana kuma yana harkarsa a kasuwar dabbobi. Cikinta na huɗu ne, na ukun da aiki aka ciro shi, don haka aka gargaɗe ta kada ta kuskura ta jira naƙuda a ƙauye. Nawa na fari ne, yaron ya kwanta a gicce ya ƙi juyawa, ungozoma ta lallaɓa ta gaji. Da lokaci ya matso, damina tana shirin ɗaukewa, sai Yaya ta taho gidana, Inna mahaifiyarmu ta biyo ta da tukwanenta da ƙullin kanwa. A al'ada ni ce zan tafi gida haihuwar fari, sai ga gida ya zo ya same ni.

Tun muna yara komai na Yaya a sauƙaƙe yake zuwa. In ta dama fura ba ta yin gudaji, in ta yi kitso yana daɗewa, in ta faɗi ba ta ƙujewa. Na girma da jin kalma ɗaya daga bakin Inna: dubi yayarki. Na dube ta har idona ya gaji. Ba mugunta gare ta ba, da ma tana da ita da na sami abin kamawa.

Kafin ranar aiki aka kira mu tare wurin mai allurar kashe zafi, wani dogon mutum da aka turo daga gabas, mai magana a hankali kamar yana tsoron tada wani. Ya zaunar da mu ya yi bayani.

"Hanya biyu ce," in ji shi. "Ko a yi allura a gadon baya, jiki ya mutu daga ƙirji zuwa ƙafa, mace tana ji tana gani amma babu zafi. Ko a sa ta barci gaba ɗaya, sai ta farka. Mu mun fi son ta baya in babu wani dalili. Mace ta fi saurin dawowa hayyacinta, ta shayar da wuri, ta taka da wuri. Kuma an lura waɗanda aka sa barci sun fi samun matsalar miki ya yi ruwa. Ba dole ba ne, amma akwai haka."

Yaya ko tunani ba ta tsaya yi ba. "Ta baya anka yi mani wancan karo, ita za a ƙara. Ni ina son in ji kukan abina da kunnena."

Ya juyo gare ni. Na tambaye shi su wa za su kasance a ɗakin. Ya ce akwai mata, akwai maza, amma ana sa labule a tsakani. Na ce a raina labule ni zai hana gani, ba su ba. Ga shi maƙwabtana sun cika mini kunne cewa allurar baya tana barin ciwon baya har tsufa, ni kuwa da bayan nan nake wuni a kan keke. Ya ce wannan zancen unguwa ne, ciwon bayan masu jego daga ɗaukar ciki yake da goyo. Na ji shi, na ma fara saukowa. Sai Yaya ta dafa mini gwiwa.

"Auta, ki bi maganar likita. Dube ni, mi ya same ni?"

Da jin haka na ɗaga kai na ce, "A sa ni kwana."

Har yau ban ce na yi laifi ba. An tambaye ni, na zaɓa, kuma yarinya mai cikin fari da ke jin tsoron a buɗe ta tana kallo ba mahaukaciya ba ce. Ya sake tambayata, na sake faɗa, ya gyaɗa kai ya ce Allah ya sa a yi a sa'a.

Ita aka fara yi wa. Aka turo ta a gado tana magana, wai ƙafafunta sun zama na aro. Mace ta samu. Duk wanda ya shigo barka sai ya sha labari: yadda ta ji ana jan cikinta babu zafi, yadda ɗakin ya yi tsit, sai ga kuka, yadda ungozoma ta ɗago yarinyar ta saman labule ta manna mata ita a kumatu tana da ɗumi. Na ji labarin nan har na haddace, na san inda za ta tsaya ta share hawaye.

Nawa labarin gajere ne. An ɗora mini wani abu a hanci mai warin roba, aka ce in ja numfashi. Shi ke nan. Abin da na sani bayan haka maƙoshina yana zafi kamar na haɗiye ƙaiƙayi, ina amai a kwano, ana dafa mini kai. Da idona ya washe, abu na farko da na gani Yaya ce. Ta lallaɓo daga gadonta da ɗinkinta ɗanye, ta zauna a kujera kusa da ni, da ƙunshin zane a hannunta.

"Namiji ne," in ji ta. "Kunnuwan Baba gare shi. Ya yi kuka har ya gaji, yanzu ya yi kwana."

Kowa ya riga ya gan shi. Inna ta gan shi, uwar mijina ta gan shi, ubansa ya yi masa kiran salla a kunne ya koma kasuwa, har matar da ke gadon ƙarshe ta ce ta yaba gashinsa. Ni da aka yanka dominsa ni ce ta ƙarshe. Kuma ko a lokacin ban isa in miƙa hannu ba, saboda ɗan fari ne.

Wanda bai tashi a cikinmu ba zai ce wasa ne. A wurinmu uwa ba ta nuna tana son ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban manya, in ya yi kuka sai ta yi kamar ba ta ji ba har wata ta ɗauko shi ta ɗora mata. Wadda ta fi kau da kai ita ce ta fi tarbiyya. Inna ta yi haka da babban wanmu, ana yabonta da shi har yau. To ga Inna tsaye, ga uwar miji zaune. Na saci kallo ɗaya, na ga goshi da ɗan hannu a dunƙule, na juya fuska ga bango. Na ji uwar mijina tana cewa, "Ɗiyar ga ta san kunya." Inna ta yi gyaran murya irin ta wadda aka yaba.

Aka sallame mu kusan tare. Yaya tana tafiya a miƙe, ni a duƙe kamar mai neman allura a ƙasa. Nono ya cika mata har yana jiƙa riga. Nawa yana zuwa kaɗan kaɗan, yaron ya ja ya ja ya saki ya yi kuka, a ɗauke shi a jijjiga. Kafin ranar suna zazzaɓi ya rufe ni. Wurin ɗinkin ya kumbura ya yi ja, ya yi zafi kamar gefen murhu, sai kuma ya fara tsattsafo da ruwa mai wari. Na ɓoye na yini guda, warin ya tona ni. Maigida ya samo mota aka mayar da ni asibiti.

Suka warware gefe ɗaya na ɗinkin suka matse mugunya. Ni da nake warware ɗinkin mutane ba tare da na ji komai ba, ranar na yi ihu har na ji kunyar kaina. Aka bar wurin a buɗe, aka ce sai ya cike daga ciki, kullum a wanke a ɗaure da sabon bandeji, abin da suke kira pansama. Aka ɗaura mini ƙarin ruwa da allurai. Sai ungozoma ta dubi yaron a hannun Inna ta dube ni.

"Madam, a bar miki shi nan. Ki riƙa ba shi, maganin ba ya hana shayarwa. In ya daina ja, nonon zai ɗauke."

Inna ta ce atafau. Nonon mai zazzaɓi guba ne a wurinta, kuma ba za ta bar jinjiri a ɗakin da ake wankin miki ba, alhali ga yayar uwarsa a gida da nono har yana zuba. Uwar mijina ta goyi bayanta. Ungozoma ba ta kula su ba, ni take kallo.

"Ke nake tambaya. Kina so a bar miki shi?"

Ina so. Duk jikina yana so. Amma tsofaffi biyu sun zuba mini ido, kuma amsar da ake jira daga uwar ɗan fari guda ce. Na ce, "Su sunka sani." Ungozoma ta yi tsaki a hankali ta tafi. Aka fita da shi ina jin ƙarar takalmin Inna har ƙofa.

Ranar suna ina kwance ina kallon silin. An yanka rago a gidana, an raɗa masa sunan kakansa, mahaifin maigida. Yaya ce ta zauna a ɗakina, a kan gadona, da lalle a ƙafa, tana karɓar barka. Maƙwabciyata da ta kawo mini nama ta ba ni labari ba tare da na tambaya ba: wai Yaya ta yi kyau kamar ba mai jego ba, jinjiri ɗaya a dama ɗaya a hagu, har wasu baƙi suka ɗauka tagwaye ta haifa. Na ce naman ya yi gishiri da yawa, na ture kwanon.

Kowa da dalilinsa a kan mikina. Inna ta ce don an hana ta yi mini wankan jego da ruwan zafi ne. Uwar mijina ta ce baki ne. Maigida ya ce zafin gari ne, ya ƙara da cewa dabba ma in an yi mata kaciya a irin wannan lokaci sai an yi hattara, na ce ya tashi ya ba ni wuri. Wata safiya mai allura ya ratso ɗakinmu, na tare shi.

"Likita, kwanan da anka sa ni ne ya ja mani wanga abu?"

Ya tsaya. "Ba zan iya rantse miki ba, madam. Yana iya ƙara haɗarin, shi ya sa na faɗa tun farko. Amma akwai waɗanda aka yi wa ta baya kuma nasu ya yi ruwa, akwai waɗanda suka yi barci suka warke sumul. Jininki ma ya yi ƙasa. Ba abu ɗaya ba ne."

Na so ya ce e, in sami abin zagi. Na so ya ce a'a, in huta. Bai ba ni ko ɗaya ba. Ya dai ce in riƙa tatsa don kada nonon ya ƙafe, ya turo ungozomar ta nuna mini yadda ake yi. Na riƙa yi a ƙarƙashin mayafi, fuskata ga bango, in baƙi sun tafi. Abin da ke fita ba ya cika murfin kwalba, amma ban bari ba.

Abin da ya fi wankin mikin ciwo shi ne zuwan Yaya. Tana zuwa da hantsi, Inna tana riƙe da ɗiyarta, ita kuma tana rungume da nawa. Ta zauna a bakin gadona, ta buɗe riga, ta ba shi a gabana. Yana sha yana ɗan gurnani, hannunsa a kan fatarta.

"Shi hwa ba ya son na hagu," in ji ta. "In na ba shi sai ya yi hushi. Kuma in ya ƙoshi yana murza kunne. Kin ga? Kin ga ya yi?"

Na gani. Ta san fushinsa, ta san ƙoshinsa, ta san irin kukan da yake yi in ya jiƙa zane. Ni abin da na sani game da ɗana shi ne abin da ta gaya mini. Inna tana gefe tana murna wai yanzu yaran sun zama ya da ƙane na nono, babu aure tsakaninsu har abada, zumunci ya ƙara ƙarfi. Ya kamata in gode. Mace da ɗanyen ɗinki tana shayar da biyu, tana tashi tana zama dominsa, ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Na gode da baki. A zuciya kuwa ina roƙon Allah ya sa ko sau ɗaya ya ƙi ta, ya yi ta kuka a hannunta ta rasa yadda za ta yi. Bai taɓa ƙi ba.

Na daɗe a asibiti har gero ya nuna a gonaki. Da aka sallame ni mikin bai gama rufewa ba, sai na riƙa komawa pansama. Ranar da na dawo gida Inna ta ɗauko yaron ta ɗora mini, kamar yadda ake yi. Ya yi nauyi, ya yi kumatu. Na kai shi ƙirji. Ya shinshina, ya yamutsa fuska, ya banƙare ya tsala ihu kamar an tsunkule shi. Na sake gwadawa, ya ƙara. Yaya ta miƙo hannu, yana isa jikinta ya yi tsit. Matan da ke tsakar gida suka kwashe da dariya, wata ta ce, "Yaro ya san uwarshi." Ni ma na yi dariyar, don haka ake so.

Haka muka yi ta yi. In ba shi ya ƙi, ta karɓa ya sha. Sai mijin Yaya ya aiko cewa an fara girbi, wake yana bushewa a gona, yaranta manya suna hannun maƙwabta. Dole ta koma. Inna da uwar mijina suka zauna a tabarma a ƙofar ɗakina suka yanke magana: yaro zai bi Yaya Bambeye har a yaye shi. Ai ɗan fari ne, dama ba na uwa ba ne, na dangi ne. Ni kuma in zauna Tawa in yi jinyar mikina. Aka gaya wa maigida, ya sosa ƙeya ya ce abin da manya suka gani shi ne daidai. Ina cikin ɗaki ina jin komai, babu wanda ya leƙo ya tambaye ni.

Na san yadda abin yake ƙarewa, na gani a gidaje da yawa. A ce har yaye, in an yaye a ce ya saba, in ya saba a ce bari ya yi wayo. Wata rana a kawo maka yaro mai tafiya da ƙafarsa ya gaishe ka kamar baƙuwa, ya koma ya ɓuya a bayan wata.

Safiyar tafiya maƙwabta suka taru sallama. An aika a tsayar da motar Bambeye a bakin titi. Inna ta ƙulle kayansu, har da ƴan rigunan da na ɗinka masa tun ina da ciki, ina ɓoyewa a ƙasan akwati don kada a ce na ƙosa. Ta goya ɗiyar Yaya. Yaya ta rungumi nawa ta rufa masa gyale, ta leƙo ɗaki.

"Auta, mun tahi. Allah shi ƙara sauƙi. Kar ki damu da shi."

Suka nufi zaure. Ban san lokacin da na tashi ba. Na fito dafe da ciki, babu ɗankwali, na ce, "Yaya, aje mani ɗana."

Inna ta juyo a hankali. "Mi kinka ce?"

Sai na kira sunansa. Sunan ɗan fari, kuma sunan surukina, a gaban matar surukin, da ƙarfi, har sau biyu. Wata maƙwabciya ta rufe baki da hannu. Uwar mijina ta hau salati.

"Ke, kunyarki ta tahi ina?" in ji Inna.

"Na bar ta gidan likita, Inna. An yanka ni ina kwana, kowa ya ga ɗana kahin ni, na yi kurum. Anka ɗauke shi ga gadona, na yi kurum. Anka yi suna ba ni nan, na yi kurum. Yau in ya hita ƙofar ga, wa za shi gaya mai ni ce uwarshi? Ba ya zuwa ko'ina."

Na ɗauka Yaya za ta yi mini irin nasiharta mai sanyi da ke ƙona ni. Ba ta yi ba. Ta ƙara matse shi a ƙirji, ta ja da baya taku ɗaya, idonta ya kawo ruwa.

"Ba ya shan naki," in ji ta. "In yunwa ta kama shi hwa? Ke kin san yadda ake lallashinshi? Ni na tashi da shi, ni na kwanta da shi."

A nan na gane ba taimako kaɗai take yi ba, so take ta tafi da shi. Yayata da komai ke zo mata a sauƙaƙe tana tsaye a zaurena tana kishi da ni. Allah ya yafe mini, wani sanyi na ji ya ratsa ni.

Aka yi ta magana, kowa yana faɗin tasa. Direba ya gaji da jira ya tafi. Inna ta kwance goyo ta shige ɗaki ta ƙi yi mini magana. Yaya ta zauna a kan turmi da yaron, ta daɗe ba ta ɗago kai ba. Da rana ta yi, yaron ya fara neman nono, sai ta tashi ta ce in biyo ta ɗaki.

Ta zaunar da ni a bakin gado. Ta kwance tsohon zanen da take yafawa in za ta shayar, wanda ya sha nono da gumi da hayaƙin murhu, ta lulluɓa mini shi a kafaɗa da ƙirji. Ta ɗora mini yaron. Sannan ta hau gadon ta zauna a bayana, ta sa haɓarta a kafaɗata, ta riƙa yi masa irin surutun da take yi masa. Ya buɗe baki zai yi ihu, ya ji muryarta, ya shinshina zanen, ya yi ɗan jim. Sai ya kama.

Zafin jan ya sauka har cikin mikina. Ban motsa ba, ko numfashi da kyar nake yi. Yana sha, Yaya tana magana a kunnena, hawayenta yana sauka a wuyana. Ɗana ya karɓi nonona don ya ɗauka nata ne. Na yi murna, na kuma ji haushi, duka a lokaci guda, ban san wanda ya fi yawa ba.

Ta ƙara ƴan kwanaki. In ya sha nawa bai ƙoshi ba ta cika masa, Inna kuma, duk da fushinta, ta riƙa dama mini kunun kanwa tana ajiyewa ba tare da ta dube ni ba. Nonon ya riƙa ƙaruwa. Da Yaya ta ga yana ƙoshi, ta ɗauki ɗiyarta suka tafi da Inna. Ba ta yarda ta yi sallama da shi ba, ta bari sai da ya yi barci. Zanen ta bar mini.

Na yi ta yafa shi ban wanke ba. Ya yi tsami har maigida ya fara zama a waje, maƙwabta suna tsokanata wai na gaji tsumma. Ban kula su ba, in babu zanen yaron ba ya kamawa. Kullum in na lulluɓa shi sai in ji kamar ina sata a gidana.

Wata safiya na dawo daga pansama, an ce mini mikin ya rufe. Na ɗauki zanen na jefa a ruwan sabulu na wanke shi tas, na shanya a igiya. Ban gama shanyawa ba yaron ya farka da yunwa. Na zauna na ɗauke shi, babu komai a kafaɗata sai rigata. Ya shinshina, ya ɗaga ido ya dube ni ya daɗe. Sai ya kama ya ci gaba da sha, ya ƙoshi, ya murza kunne.

Uwar ɗan fari ba ta da wanda za ta kai wa irin wannan labari. Mutum ɗaya ce a duniya za ta san girmansa, don haka na kira wayar mijin Yaya na ce a ba ta. Tana gona, ina jin iska da muryoyin masu girbi. Na gaya mata. Na ce yau ya sha ba tare da zanenta ba.

"To, madalla," in ji ta. "Ya manta ni ke nan."

Na ce haba Yaya, wa za shi manta ki. Na faɗa da murya mai taushi, kamar yadda ƙanwa ta gari za ta faɗa. Amma ina ajiye wayar na rungume shi na yi ta dariya ni kaɗai a ɗaki, don abin da nake roƙo ke nan tun ranar da na farka daga barcin aikin nan.